Dokin Kara da Igwar Tanimun: Yadda Ake Fara Wasan Yaƙi a Kan Tebur

Duk wanda ya tashi a Damagaram ya san dara. Da la'asar, in rana ta yi sanyi, za ka tarar da dattawa a gindin bishiya sun haƙa gurabe talatin a ƙasa, kowa da 'ya'yansa goma sha biyu, wannan na tsinke, wancan na tsakuwa, 'yan kallo kuma sun fi masu wasan ɗaukar zafi. Ya san dokin kara da yara ke sukuwa a kansa a lungunan Birni da Zango. Ya kuma san wasan kara, inda talaka zai shiga rigar gwamna ko ta sarki ya kwaikwaye shi, gari ya yi ta dariya. To akwai wani wasa da ya yi nisa a ƙasashen Turai da Amurka, wanda in ka dube shi da kyau ba komai ba ne illa waɗannan ukun a haɗe: lissafin dara, ƙirar kara, da kwaikwayon abin da ya taɓa faruwa. Shi ne wasan yaƙi da ƙananan sojoji a kan tebur.

Ga yadda yake. Mutum biyu za su shimfiɗa tebur su mai da shi filin daga, da duwatsunsa da rafinsa da ganuwarsa. Kowa ya jera rundunarsa ta 'yan sojojin da tsawonsu bai kai ɗan yatsa ba. Ba gidaje kamar na dara. Da ma'auni ake auna tafiyar kowace ƙungiya, da kuma nisan da harbinta zai kai. In an yi arangama sai a jefa ƙwayar lido, ita ce za ta nuna ko harbin ya samu ko ya kuskure. Akwai rubutattun dokoki da aka amince da su tun kafin a fara, don kada gardama ta cinye wasan.

Asalinsa ba na nishaɗi ba ne. A 1812 wani Bajamushe mai suna Reisswitz ya gabatar wa sarkin Furushiya wani tebur na koyon dabarun yaƙi. A 1824 ɗansa, wanda hafsa ne a rundunar igwa, ya gyara shi: ya kawo taswirar ƙasa ta gaske, ya yi amfani da 'yan gutsattsarin ƙarfe masu launin ja da shuɗi a madadin rundunoni, ya sa alƙali a tsakani wanda shi kaɗai ya san inda kowane ɓangare ya ɓoye mutanensa. Sojan Furushiya suka rungume shi. Da suka lallasa Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871, sai sojojin wasu ƙasashe suka ce lalle akwai magana a teburin nan, suka kwaikwaya. Wanda ya fito da shi daga bariki zuwa ɗakin zama shi ne marubucin Ingila H. G. Wells, da littafinsa Little Wars na 1913, inda manya da gemunsu ke rarrafe a ƙasa suna harbin sojojin dalma da 'yar igwar wasa. Donald Featherstone ya sake hura wutar a 1962 da littafinsa War Games. Yau babban mai cin kasuwar shi ne kamfanin Games Workshop, wanda aka kafa a Landan a 1975, mai wasan Warhammer na 1983 da Warhammer 40,000 na 1987, masu dodanni da mayaƙan sararin sama.

A nan ne matashin Damagaram da ya ga hotunan abin a intanet yake karaya. Akwati ɗaya na masu farawa yakan kai kuɗin buhun hatsi ko ya wuce, tun ba a zo maganar kuɗin aikowa da na duwan ba. In ya juya ga wasannin da suka shafi tarihin Afirka, irin su The Sword and the Flame na 1979, galibi zai tarar labarin na Bature ne: 'yan tsirarun sojojinsa sun tsaya a jere, taron baƙar fata na ta kwararowa ana kakkaɓe su. Ni a ganina duka biyun ba dalilin fasawa ba ne. Wasan ba ya buƙatar akwatin kowa, tarihin da za a ɗora a kan teburin kuwa yana nan a ƙofar gida.

Dubi abin da muke da shi. Damagaram ta faro ne a ƙarni na 18 ƙarƙashin inuwar Barno, ta ƙasaita a zamanin Sarki Tanimun, wanda ya daɗe bisa gado har zuwa 1884. Shi ya kewaye Birni da ganuwa. Ayarin da ke ratsa Sahara daga Tarabulus suna sauka a Zango, kuma ta nan bindigogi suka shigo. Abin da ya bambanta Tanimun da sauran sarakunan yankin shi ne bai tsaya ga saye ba: a cikin garin ake haɗa albarushi, a cikin garin maƙera suke zuba igwa. Masana tarihi na ambaton bindiga kusan 6,000 da igwa kusan 40 a rundunarsa. Bayansa, Sarki Ahmadu Kuran Daga ya kai yaƙi har cikin ƙasar Kano a zamanin Sarki Alu. Mai son zurfafawa ya nemi littafin André Salifou, ɗan garin, da ya fito a 1971 kan Damagaram a ƙarni na 19. Ga mai wasan tebur wannan ganima ce, don rundunar tana da duk abin da ke sa wasa daɗi: 'yan lifida masu nauyi, barade masu sauri, 'yan baka, dakaru masu mashi da garkuwa, 'yan bindiga, ga kuma igwa.

Yanzu maganar kayan aiki. A kasuwar duniya girman 'yan sojojin iri-iri ne. Wanda ya fi yawa shi ne mai tsawon milimita 28. Akwai mai 15. Akwai kuma na roba masu araha da aka rage girman mutum sau 72, wato ɗan soja ya tashi santimita biyu da rabi ko ƙasa kaɗan. Wanda ya samu hanyar saye, madalla. Wanda bai samu ba ya tuna cewa hafsoshin Furushiya da suka ƙirƙiro abin da gutsattsari suka yi shi. Je wajen kafinta ka roƙi ragowar katako, a yanka maka shi santimita huɗu-huɗu. Kowane gutsure ƙungiya ɗaya ce. Ka shafa masa launi, ka kafa masa 'yar tuta da tsinken tsintsiya, ka rubuta sunansa a gindi. Wannan ya kuma warware wata damuwa da bai kamata a tsallake ta ba: da yawa cikinmu ba sa sakin jiki da ajiye mutum-mutumi a ɗaki. Gutsuren katako ba shi da fuska. Mai son ya wuce nan, ya sassaƙa doki da totuwar kara ko ya gina shi da yumɓu, ya tambayi malaminsa tukuna. Haka ƙwayar lido: ba a sa ko dala a wasan nan, kuma ranar da aka sa ya tashi daga abin da nake magana a kai.

Abu ɗaya ne zan hana da babbar murya. Kada wani ya ji cewa da dalma Turawa suka riƙa zuba sojojinsu ya je ya fasa tsohon batirin mota ya narka. Gubar dalma ce ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010.

Filin daga ba wuya. Manyan 'yan wasa na amfani da tebur mai santimita 180 a tsaye da 120 a kwance, amma akwai shahararren wasa, De Bellis Antiquitatis na 1990, da ake yi a fili mai santimita 60 kowane gefe, kowane ɓangare da ƙungiya goma sha biyu kacal, daidai da 'ya'yan dara. Da irin wannan ya kamata a fara. Tsohon zane mai launin ƙasa ya isa. Tsakuwa manya su zama duwatsun nan da suka kewaye gari, kwali da aka shafe da manne da rairayi ya zama ganuwa, busasshen reshen ƙaya ya zama kurmi. Mai shafa launi ya sani cewa iskar hunturu na busar da fenti tun yana kan burushi, don haka ya riƙa ɗiga shi a kan jiƙaƙƙen tsumma. Sojan roba kuma in aka bar shi a rana cikin watan Afrilu, sai mashinsa ya lanƙwashe.

Dokoki su ne ran wasan, kuma nan ne mai farawa ya fi yin kuskure, don yana so ya zuba komai a ciki. Shafi ɗaya ya isa. Ga misali daga kaina, kowa ya gyara yadda ya ga dama. A kowane zagaye dakaru su yi tafiyar santimita 10, barade 20, 'yan lifida 15 saboda nauyin audugar da ke jikin doki da mahayi. Kibiya ta kai santimita 15. Bindiga ta kai 20, amma bayan kowane harbi sai ta huta zagaye ɗaya ana ɗura ta. Igwa ta kai 50, sai dai in ƙwaya ta nuna ɗaya, ta ƙi tashi. Harbi ya samu in ƙwaya ta nuna biyar ko shida. A kan ɗan lifida kuwa kibiya ba ta cin sa sai da shida. Ƙungiyar da aka sama sau biyu ta jefa ƙwaya ta ga ko za ta tsaya ko za ta watse.

Cikin waɗannan 'yan layuka akwai ilimin lissafin yiwuwa, wanda ɗalibai ke ƙi a aji amma suke kamawa nan take a kan tebur. Ƙwaya fuska shida gare ta. Biyar ko shida fuska biyu ne, wato sau ɗaya cikin uku harbi zai samu. Shida ita kaɗai sau ɗaya ne cikin shida. Ke nan lifidi ya raba haɗarin kibiya biyu. Sai mutum ya ɗauka cewa in ya jefa ƙwaya shida a kan 'yan lifida dole ɗaya ta ci. Ba dole ba ne. In ka ninka biyar bisa shida har sau shida, za ka ga kusan sau ɗaya cikin uku duk shidan za su kuskure, dawakin su iso kanka lafiya lau. Ɗan wasan da ya sha wannan sau biyu zai daina jera 'yan bakansa a fili, ya fara neman dutse ko ƙaya ya raɓa da su, ba tare da kowa ya karanta masa littafin dabarun yaƙi ba.

Amma kama da wane ba ta wane. Tebur ba ya jin ƙishirwa, ba ya jin ƙugin tambari da kakaki, kuma ba ya nuna garuruwan da aka ƙone da mutanen da aka kora zuwa kasuwar bayi, wanda yana cikin abin da yaƙe-yaƙen wancan zamani suka ginu a kai, har da na Damagaram. Akwai kuma iyalai a garin nan da kakanninsu suka kwanta dama a waɗannan fagagen. Mai kafa tuta da sunan wani basarake a kan katako ya san da wa yake zaune.

Shawarata, wasannin farko su zama tsakanin rundunoni masu kama da juna, kamar Damagaram da Kano, inda kowa ke da doki da baka, bambancin kawai yawan bindiga. Sai hannu ya faɗa sannan a taɓa Tirmini.

Labarin Tirmini sananne ne. A watan Mayu 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou na Faransa a Zinder, babban birnin Damagaram, bisa zargin yana kan hanyar haɗa baki da Rabe, wanda ya mamaye Barno. A 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta taso daga yamma tana ƙone-ƙone, ta yi karo da Sarauniya a Lugu, ta yi ɓarna mai muni a Birnin Ƙonni. A tsakiyar Yuli Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb da aka turo ya tsai da shi, kwana biyu zuwa uku bayan haka nasu sojojin suka kashe shi da Chanoine. Ragowar hafsoshin, Pallier da Joalland da Meynier, suka ci gaba da tafiya. A ƙarshen watan suka gamu da rundunar Ahmadu Kuran Daga a Tirmini, yamma da birni, suka rinjaye ta, suka shiga Zinder. An kashe sarkin a watan Satumba.

In ka ɗora wannan a kan tebur da gaskiya, ma'auni kaɗai zai faɗa maka abin da ya faru. Bindigar da ake ɗurawa ta baki ba ta da tabbas in an wuce mita ɗari. Bindigogin Faransa na lokacin ta baya ake sa musu harsashi, suna cin mutum daga ɗaruruwan mita, suna kuma harbi sau da yawa kafin ɗan bindigar sarki ya gama ɗura tasa. A ma'aunin da na bayar a sama, sai ka ba su santimita 60 ba hutu. Baraden da ke tafiyar 20 a zagaye za su sha wuta sau uku kafin mashinsu ya taɓa kowa. Gani ya kori ji: ba ƙarancin jarumta ba ne.

Saboda haka 'yan wasa ba sa cewa nasara sai an ƙarar da abokin gaba. A Tirmini sai a ce mai riƙe da Damagaram ya ci in ya tsare hanyar birni har zagaye takwas, ko in ya fitar da sarki da rabin dawakinsa lafiya. Mai riƙe da ɗaya ɓangaren kuma ya tuna cewa Turawan 'yan ƙalilan ne, masu riƙe da bindigogin 'yan Afirka ne da aka ɗebo daga yamma, waɗanda suka yi watanni suna tafiya, kuma mako biyu kafin nan suka juya wa shugabanninsu baya. Don haka a farkon kowane zagaye ya jefa wa kowace ƙungiyarsa ƙwaya. In ta nuna ɗaya, ba ta motsawa, ba ta harbi.