Dogon hutu da ƙananan yara: abin da ya kamata ya fara shiga jaka

Daga ƙarshen watan Yuli, da zarar makarantu sun ba da dogon hutu, tashar Unguwa Uku a Kano da ta Kawo a Kaduna da ta Jabi a Abuja sai su cika da iyaye mata da 'ya'yansu. Wasu gida za su wajen kakanni, wasu biki ne ya taso, wasu kuwa yaran kawai za a kai su ga dangi. Al'ada ce mai kyau, kuma ina cikin masu son ta ɗore, domin zumunta a ƙafa take. Yaron da ya tashi a gidan haya a birni, bai taɓa ganin gero ya fitar da kai ba, bai san ƙannen kakansa ba, akwai abin da ya rasa wanda makaranta ba za ta ba shi ba.

Damuwata tana kan abin da ke cikin jakunkunan nan da yaran mota ke ɗaurewa da igiya. In aka zuge su, kayan sawa ne kala-kala, da takalman Sallah, da tsarabar atamfa da sabulu da burodi. An yi kwanaki ana lissafin wa za a ba me, don kada gwaggo ta ce an raina ta. Amma da wuya a tarar da gidan sauro, ko ƙullin gishirin ORS, ko katin riga-kafin jaririn da ke goye. Waɗannan ba su da nauyi, ba su da tsada, kuma su ne ke raba hutun da aka dawo lafiya da wanda aka ƙarasa a gadon asibiti.

Dogon hutunmu a tsakiyar damina yake faɗowa. Agusta watan marka ne, kowane rami da kowace tsohuwar taya sun tara ruwa, sauro ya samu wurin ƙyanƙyasa. A watannin nan ne zazzaɓin cizon sauro ya fi kwantar da yara a arewacin Nijeriya da kudancin Nijar. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa Nijeriya ita kaɗai ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan cuta a faɗin duniya, kuma a Afirka, yawancin waɗanda take kashewa yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Macen sauron da ke yaɗa ta daga faɗuwar rana zuwa asuba take cizo. Saboda haka tambayar farko kafin a ɗauko jaka ita ce: a ina yaron nan zai kwana, kuma a ƙarƙashin me?

Sau da yawa uwa takan ji nauyin zuwa gidan surukai da gidan sauronta, kamar ta ce nasu bai yi mata ba. A kawar da wannan kunyar. Gidan da ya karɓi baƙi goma a mako guda ba shi da gidan sauro goma, kuma kakar da ta sadaukar da nata ga jika ita ma cizon zai same ta. A tafi da gidan sauro mai feshin magani, wanda bai yage ba, tare da igiya da 'yan ƙusoshi, domin ɗakin da za a sauke ku ba lallai ne yana da wurin ratayewa ba. In an ga dama, ranar dawowa a bar shi can ya zama tsaraba. Sai kuma riga mai dogon hannu da dogon wando da safa, saboda hirar dare a tsakar gida, lokacin da kaka ke tatsuniya sauro kuma na aikinsa a ƙafafun masu sauraro.

Akwai wani abu da tafiyar hutu ke katsewa ba tare da iyaye sun lura ba. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa bai wa yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro a lokacin damina a ƙasashen Sahel. Shi ne wanda ma'aikata ke bi gida-gida suna rabawa wata-wata: a ba yaro na ranar farko a gabansu, uwa ta ba shi na rana ta biyu da ta uku. Kariyar kowane zagaye kimanin mako huɗu take yi, daga nan ta ƙare. Yaron da ya sha na Yuli a Kano, aka tafi da shi ƙauye masu rabo suka zo ba ya nan, zai shiga tsakiyar marka babu kariya. Maganin wannan mai sauƙi ne. A sa katin maganin da ake yi wa alama a jaka, da an sauka a tambayi ƙaramin asibitin garin ko mai unguwa ranar da za a yi rabo. Haka ma katin allurar riga-kafi: in ranar allurar jariri ta faɗo cikin hutu, asibitin can zai iya yi masa, muddin katin na hannu.

Bayan sauro sai ruwa. Cikin yaro bai da juriyar na babba, kuma a damina ambaliya kan kwashe ƙazanta ta zuba a rijiyoyin da ba a rufe ba, shi ya sa gudawa da kwalara suka fi yawa a wannan lokaci. Ruwan da ƙaramin yaro zai sha a tafasa shi, ko da mutanen gidan sun shekara hamsin suna shan na randarsu ba abin da ya same su. Jaririn da bai kai wata shida ba kuwa nono kaɗai ya ishe shi, ko a mota ko a ƙauye, kuma a nan uwa na bukatar mijinta ya tsaya mata in tsofaffi suka matsa a ba shi ruwa ko jiƙo.

In gudawa ta zo duk da haka, abin da ke kisa shi ne ƙarewar ruwan jiki, kuma a jikin ƙaramin yaro hakan na iya faruwa cikin yini guda. Ƙullin ORS da ƙwayar zinc su ne maganin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka amince da shi tun 2004. A dama ORS da daidai yawan ruwan da aka rubuta a jikin ledar, a riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan da cokali, a ci gaba da shayarwa. Zinc kuwa ana ba da miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga wanda bai kai wata shida ba. Idan babu ORS, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, da rabin irin wannan cokali na gishiri, a cikin lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, zai riƙe yaro kafin a kai asibiti. Wanda idanunsa suka faɗa, ko ya kasa shan komai, ko ake ganin jini a bayan gidansa, ba a kwana da shi a gida.

Duk waɗannan, da farasitamol na yara da ma'aunin zafin jiki da sabulu, wurinsu ƙaramar jakar da uwa za ta riƙe a hannu. Babbar jaka tana ƙarƙashin buhun masarar wani a bayan mota, ba mai sauko da ita a Kwanar Dangora don jariri ya ɓata kunzugu. A jakar hannun a sa kayan canji ɗaya na kowane yaro, da zani, da leda biyu ko uku saboda amai, domin yara 'yan shekara biyu zuwa goma sha biyu su ne mota ta fi juya wa ciki. Abinci mai maiƙo kafin tashi yana ƙara abin. Kallon waya a mota ma haka. A bar yaro ya kalli hanya ta gaba, iska na shigowa. Guzuri daga gida, ko dafaffen ƙwai ne da dabino da ayaba, ya fi abin da ake miƙowa ta taga wanda ba a san tun yaushe yake rana ba.

Yanzu ga maganar da ta fi wuya, wadda ta shafi aljihun maigida. A motocin haya ɗora yaro ake yi a cinya don a rage kuɗin kujera, wani lokaci uwa ɗaya da yara biyu, har a gidan gaba. Uwa tana ganin ai tana rungume da shi. Lissafin kimiyya bai goyi bayanta ba. Idan motar da ke gudun kilomita 50 kacal a awa ta yi karo, ƙarfin da ke fizge abin da ke cikinta kan kai ninki ashirin na nauyinsa ko fiye. Jariri mai kilo 10 zai koma kamar buhun siminti huɗu a hannun uwarsa cikin ƙiftawar ido, kuma babu hannun da zai riƙe wannan. A hanyar Kano zuwa Zariya kuwa ba mai tafiya a kan 50. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hatsarin mota na kashe kusan mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Ta kuma ce kujerar yara ta mota na iya rage mutuwar jarirai da kashi 71 cikin ɗari.

Na san kujerar nan tana da tsada, kuma babu direban tasha da zai ba ta wuri kyauta. Amma mai motar kansa ba shi da uzuri: wanda ya iya cika tanki zuwa Sakkwato ya dawo zai iya sayen ta hannu, ko ya ara. Mai shiga ta haya kuwa akwai abin da yake iyawa. Ya biya wa babban yaron kujerarsa ko da za a rage tsaraba. Yara 'yan ƙasa da shekara 12 su zauna a baya, kamar yadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ke nanatawa. Kada a zagaya bel ɗaya a kan uwa da ɗan da ke cinyarta, domin in aka yi karo nauyinta ne zai danne shi. Motar da aka yi wa lodin da ya wuce kima, ko wadda tayoyinta suka suɗe a wannan lokaci na santsi, a haƙura da ita a jira ta gaba. Inda akwai jirgin ƙasa, kamar tsakanin Idu a Abuja da Rigasa a Kaduna da aka buɗe a 2016, yaro na samun wurin miƙe ƙafa da banɗaki. Sannan a yi sammako, a isa da rana. Halin tsaron hanyoyinmu da ramukan da ruwa ke rufewa ba su bar wa mai iyali tafiyar dare ba. In an tsaya salla ko cin abinci, a fito da kowane yaro, har wanda ke barci. Motar da aka rufe tana ɗaukar zafi cikin mintoci ko da akwai hadari a sama, kuma jikin yaro ya fi na babba saurin zafafa.

A gidajenmu haɗa kaya aikin uwa ne, uba ya ba da kuɗin mota ya ce a sauka lafiya. To amma zaɓen mota, da lokacin tashi, da kuɗin ƙarin kujera, da sayen gidan sauro, duk a hannunsa suke. Bai kamata ya ɗauka ya gama nasa don ya raka su tasha ba.

A can ƙauyen kuma, a sa ido kan kududdufi. Yaran gari sun san inda yake da zurfi, baƙo bai sani ba, kuma ƙaramin yaro na iya nutsewa a ruwan da bai kai gwiwar babba ba, shiru, ba tare da ihu ba. A irin ruwan nan ne kuma ake ɗaukar tsargiya, wadda sai bayan makonni ake ganin jini a fitsari. Kada a bar ɗan shekara uku a hannun 'yar shekara bakwai a ce ai suna tare da yara.

Iyaye, ko an dawo gida lafiya a ci gaba da lura. Zazzaɓin cizon sauro yakan ɗauki kwana 10 zuwa 15 bayan cizon kafin ya bayyana, wato daidai lokacin da ake shirin komawa makaranta. In jikin yaro ya yi zafi a makonnin nan, kada a ce gajiyar hanya ce ko canjin ruwa, kada kuma a tsaya haɗe-haɗen kemis. A kai shi a yi masa gwajin jini a ranar, a gaya wa ma'aikacin lafiya inda aka je. Gwajin ɗigon jini ne daga yatsa, kuma sakamakonsa ba ya wuce minti 20.