Yadda Za Mu Taƙaita Jerin Ayyukan Yini a Wayoyinmu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

A yau a Garwa, daga ɗan kasuwa har ma'aikacin Sodecoton, da yawanmu muna rubuta ayyukanmu a manhajojin waya irin su Google Keep da Microsoft To Do. Wannan abu ne mai kyau, sai dai mun lura da wata matsala. Mutum zai jera wa kansa ayyuka talatin a yini guda, ya yi biyar, sauran su kwana. Gobe su haɗu da sababbi, har ya daina buɗe manhajar. Cikin abin da ya nutse kuwa akwai bashin da ya ce zai biya, da marar lafiyar da ya yi alkawarin dubawa. A nan ne maganar ta shafi addini, domin saɓa alkawari yana daga alamomin munafunci.

Maganin shi ne mu raba rumbu da mudu. Magidanci ba ya kwaso hatsin rumbu duka ya ce a dafa yau. Mudun yini yake aunawa. To, mu buɗe jeri biyu: babba na duk abin da ya faɗo mana a rai, da ƙarami na yau kaɗai, wanda ba zai wuce ayyuka biyar ba, haƙƙin mutane a samansa. Microsoft To Do ma tana da shafin yini wanda ke wayar gari fanko, don mutum ya sake zaɓe. Aikin da ke da ranarsa, kamar zuwa kasuwar Pitoa ranar Lahadi, a sa masa kwanan wata ya jira.

Sannan mu rataya ayyukan a jikin salloli biyar. Imam Ghazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya tsara wa ɗalibi yininsa daga farkawa zuwa barci a littafinsa Bidayatul Hidaya. Mu da zafin Maris da Afrilu kan wuce mana digiri 40, aiki mai nauyi tsakanin Asuba da hantsi ya dace, mai sauƙi kuma bayan Azahar.

Bayan Isha'i mu duba abin da ya rage. Wanda ba shi da amfani mu goge, wanda zai jira mu mayar rumbu. Idan kuwa alkawarin wani ne, mu kira shi mu ba shi uzuri kafin mu kwanta.

Allah Ya sanya albarka a lokutanmu, amin.