Ƙofar Kai Kuka a Majalisar Gana: Faɗakarwa ga Mutanen Zango

Duk wanda ya ratsa ta filin ajiye motoci da ake kira Rawlings Park a tsakiyar Accra, ya kamata ya sani a kan kufan tsohuwar Kasuwar Makola yake tafiya, wadda soja suka rushe a watan Agusta na 1979, zamanin da ake kama mata 'yan kasuwa ana tsala musu bulala a bainar jama'a bisa tuhumar kalabule, wato ɓoye kaya da tsawwala farashi, ba tare da alƙali ya zauna ko an nemi bayyina ba. A lokacin babu majalisa a ƙasar, sai bayan da aka kafa Hukumar Sulhu ta Ƙasa a 2002 ne waɗansu daga cikin waɗanda aka zalunta, furfura ta riga ta kama su, suka sami inda za su faɗi abin da aka yi musu. Amma kada mai karatu ya zaci samuwar majalisa kaɗai garkuwa ce, domin a watan Nuwamba na 1969, da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar, zangogi suka yamutse, mutanen da aka yanke cibiyarsu a nan suka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance, zaɓaɓɓiyar majalisa tana nan zaune daram.

Dalilin tuna waɗannan al'amura shi ne, tun farkon 2024, da sababbin ƙa'idojin zaman majalisa suka fara aiki a ƙarƙashin Kakaki Alban Bagbin, an keɓe kwamiti na musamman domin hakkin ɗan Adam, alhali a dā irin wannan magana takan raɓe ne a jikin kwamitin tsarin mulki da shari'a, ko kwamitin tsaro, ko duk inda ta faɗa. Wajibi ne mutumin Nima da na Maamobi, da mai rumfa a Makola, da yarinyar da ta baro Arewa tana dakon kaya a ka, su san iyakar ƙarfin wannan kwamiti, don kada su raina shi su yi hasarar hakkinsu, kada kuma su rataya masa burin da ba zai iya ɗauka ba.

Ƙarfinsa ba kaɗan ba ne. Sashe na 103 na tsarin mulkin 1992 ya ba kowane kwamitin majalisa irin ikon Babbar Kotu wajen tilasta wa mutum ya halarta, da rantsar da shi kafin ya yi magana, da sa shi ya fito da takardun da ke hannunsa. Ma'ana, babban ɗan sandan da talaka ba zai iya ko isa bakin ofishinsa ba, kwamiti yana iya zaunar da shi ya yi masa tambaya gaba da gaba. Haka kuma majalisa ce ke yarda da kasafin kuɗin 'yan sanda da gidajen yari, ita ce kuma ke karɓar rahoton shekara na hukumar CHRAJ, wadda aka kafa a 1993 domin sauraron ƙorafin waɗanda aka danne.

Malamanmu sun san Imam Mawardi ya yi babi a kan wilayar mazalim, wato ikon sauraron kukan waɗanda aka zalunta, inda ya nuna cewa mai wannan aiki yana bukatar kwarjinin mai mulki haɗe da tsantsenin alƙali. To, a nan ne gurguncin kwamitin yake, domin yana da bakin tambaya amma ba shi da hannun zartarwa: ba ya ɗaure kowa, ba ya biyan diyya, abin da yake fitarwa rahoto ne da shawarwari, aiwatarwa kuwa tana hannun gwamnatin da sau da yawa ma'aikatanta ne ake ƙara. A ƙara da cewa tsarin mulki ya shar'anta a ɗauko mafi yawan ministoci daga cikin majalisa, saboda haka ɗan majalisar da ke hangen kujerar minista, in ba mai tsoron Allah ba ne ƙwarai, da wuya ya matsa wa gwamnatin jam'iyyarsa lamba har ta ji zafi.

A watan Maris na 2023, bayan kisan wani matashin soja a Ashaiman, soja suka auka wa garin da asuba, suka doddoki mutane, suka kwashe 184. Kwamitin tsaro na majalisa ya bincika, ya saurari mutane, ya rubuta rahoto, amma hukunta mai laifi ba a hannunsa yake ba. A watan Yuli na 2023 majalisa ta zartar da dokar hana jifan mutane da maita, bayan kisan gillar da aka yi wa wata tsohuwa a Kafaba a 2020, shugaban ƙasa na lokacin bai sa mata hannu ba. Mafi kusa da zukatanmu kuwa shi ne samarin Zango bakwai na Kumasi da 'yan sanda suka harbe a yankin Manso Nkwanta a watan Yuli na 2018, suka ce 'yan fashi ne. Abin da ya sa maganar ba ta mutu ba, jama'ar Asawase ta Kumasi sun ƙi yin shiru, limamai da sarakunan Zango suka tsaya, wakilinsu Muntaka Mubarak ya ɗaga murya, har gwamnati ta naɗa kwamitin bincike wanda bai sami hujjar cewa 'yan fashi ne ba, aka dakatar da 'yan sanda 21, aka biya iyalai diyya. A ganina wannan ƙissa ta isa dalili cewa kowane irin kwamiti yana tafiya ne gwargwadon yadda masu hakki suka tura shi.

Saboda haka, idan an kama ɗanka a samamen dare a Nima, ka sani sashe na 14 na tsarin mulki ya wajabta a kai shi gaban kotu cikin sa'o'i 48 ko a sake shi. Ka rubuta rana da sa'a da sunan ofishin 'yan sanda, ka nemi shaidu tun abin yana da ɗumi, in akwai rauni a je asibiti a karɓi takardar likita, domin kukan baki, kome ɗacinsa, ba ya shiga kundin majalisa. Ke kuma da aka kwashe wa kaya a bakin Makola, ki riƙe rasit ɗin harajin da kike biya, ki haɗa kai da shugabar 'yan sana'arki, domin takardar koke mai hannun mutum hamsin ta fi ta mutum ɗaya nauyi. A miƙa ta hannun ɗan majalisar mazaɓa, Ayawaso ta Gabas ga mutanen Nima, Ayawaso ta Arewa ga na Maamobi, a ajiye kwafi, a kuma riƙa komawa ana tambayar inda aka kwana.

A yi hattara da dillalan da kan ce sun san wani a majalisa, a ba su na mota su shigar da magana. Kai koke ba a sayensa. Kada kuma jiran kwamiti ya hana a tafi CHRAJ, wadda ke karɓar ƙara kyauta, tana kuma da ikon ƙin sauraron wanda ya san an zalunce shi ya zauna fiye da wata 12 bai kai kuka ba. Wanda kuma yake neman hukunci mai tilasci, sashe na 33 ya buɗe masa ƙofar Babbar Kotu, in ba shi da kuɗin lauya ya nemi Hukumar Taimakon Shari'a, wadda aka kafa domin marasa hali.