Idan Fiyano Ya Ƙi Karanta Memori: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Makaɗi zai iya kwana yana haɗa kiɗa a fiyano, ya adana shi a katin memori, washegari ya zura katin, fiyano ya nuna bai san da shi ba. Wani lokaci ya ce kati ya cika alhali ko rabinsa ba a ci ba. Wani lokaci kuma folda ta fito, a buɗe ta, wayam. Shawarar da aka fi saurin bai wa mai wannan matsala ita ce ya yi fomat, kuma wannan shawara ta salwantar wa mutane aikin watanni. Galibi katin bai mutu ba, fiyanon ma lafiyarsa ƙalau. Saɓani ne ya shiga tsakaninsu, kuma ana iya gano bakin zaren a gida ba tare da an kwance komai ba.

Kafin komai, ku daina adana sabon abu a katin. Ku cire shi, ku sa a kwamfuta, ku kwafe duk abin da ta iya gani. Idan ita ma ta nemi a yi fomat, kada ku yarda. Kowane kati yana da wani ɗan sashe da ke riƙe da lissafin inda kowane fayil yake, kamar littafin mai tsaron sito: idan littafin ya yage, buhunan suna nan, inda aka jibge kowanne ne aka rasa. Manhajoji na kyauta irin su PhotoRec da Recuva suna bin katin lungu-lungu su tsamo fayilolin, matuƙar ba a rubuta wani abu a kansu ba.

Sai a duba ko katin da fiyanon 'yan zamani ɗaya ne, domin a nan mafi yawan rigimar take. Katin SD iri-iri ne duk da kamanninsu ɗaya. Na asali, wanda kamfanonin SanDisk da Panasonic da Toshiba suka fito da shi a 1999, iyakarsa gigabait 2. A 2006 aka samu SDHC mai kaiwa gigabait 32, wanda ke amfani da tsarin ajiya na FAT32. A 2009 SDXC ya biyo baya, wanda ya haura gigabait 32, shi kuma da tsarin exFAT yake zuwa. Sabuwar na'ura tana karanta tsohon kati, amma tsohuwa ba ta san sabo ba. Korg Krome, da ya fito a 2012, yana karɓar SD da SDHC, ba ya karɓar SDXC. Don haka wanda ya shiga kasuwa ya sayo mai gigabait 64 don ya huta da cikar memori, ya sayo abin da fiyanonsa ba zai gani ba. Fiyanon da ya girmi 2006 kuwa, mai yiwuwa ko gigabait 4 ya fi ƙarfinsa.

A ganina babban kati ba shi da wani amfani a wannan aiki. Fayil ɗin salon kiɗa ko na MIDI ƙanƙane ne ƙwarai, dubbansu ba za su cika gigabait ɗaya ba. Naɗar sauti kai-tsaye ne ke cin wuri, shi ma kusan megabait 10 ne a minti ɗaya idan WAV ne mai ingancin faifan CD. Mai gigabait 8 ko 16 na kirki ya wadatar.

Tsofaffin fiyanon Yamaha da har yanzu ke aiki a sitidiyo da gidajen biki suna da tasu matsalar. PSR-3000 da Motif na farko katin SmartMedia suke ɗauka, siriri mai faffadar fuskar zinare, wanda bai taɓa wuce megabait 128 ba, kuma an daɗe da daina ƙera shi. Iri biyu ne, mai bolt 3.3 da mai bolt 5, su kuma waɗannan na'urori mai 3.3 kawai suke karɓa. Mai PSR-3000 yana da mafita, tunda akwai kafar filash a jikinsa. Waɗanda suka biyo bayansu irin su PSR-S970 filash kaɗai suke amfani da shi, kuma ƙa'idar ba ta canza ba: FAT32 suke nema. Bayan kun kwafe kayanku, fomat ɗin da ya fi dacewa shi ne wanda fiyanon ya yi da kansa, domin shi ya san tsarin da yake so.

Batun kati ya cika alhali akwai fili yana da dalili mai sauƙi. A tsarin FAT16 da ƙananan katuna ke amfani da shi, farfajiyar kati, wato wajen kowace folda, gurbi 512 kawai take da shi, kuma dogon suna yana cinye gurbi fiye da ɗaya. Mai zuba komai a farfajiya zai cika ta da wuri. Yamaha ma ta sa iyaka: a PSR-S970 folda ɗaya ba ta ɗaukar abin da ya wuce 500. Maganin shi ne a rarraba fayiloli cikin foldoji. A kuma gajarta sunaye, a guji haruffan ƙ da ɗ da ɓ a sunan fayil, domin yawancin waɗannan na'urori ba su san su ba, sai su nuna wata alama ko su tsallake fayil ɗin.

Idan fiyano yana karanta kati amma ya ƙi adanawa, ku dubi ɗan makullin da ke gefen hagu na katin. Idan ya sauka ƙasa, kati a kulle yake. Makullin da ya yi sako-sako yakan zame da kansa lokacin zurawa, musamman a adaftar da ake sa ƙaramin memorin waya a ciki. Canza adafta ya fi sauƙi. Amma idan makulli yana daidai, kwamfuta ma ta kasa rubutu a kai, to katin ya tsufa ya kulle kansa. A kwashe abin da ke ciki, a nemi wani.

Jabun kati ya fi duk waɗannan cin rai, domin da farko yana aiki sumul. An sauya masa lissafi ne ya riƙa cewa shi gigabait 32 ne alhali ainihinsa kaɗan ne. Da zarar an wuce ainihin girmansa, sabon abin da aka adana sai ya ɓace ko ya hau kan tsoho. Sunan fayil yana nan, a buɗe shi ya ƙi. Manhajar H2testw tana cika kati da bayanai, ta sake karanta su, ta faɗi gaskiyar girmansa. Ya kamata a yi wa kowane sabon kati wannan gwaji kafin a ba shi amanar waƙa ko ɗaya.

Ɗaukewar wuta a daidai lokacin adanawa tana lalata wancan lissafi na fayiloli, haka ma zare kati kafin fiyano ya gama rubutu. Mai aiki da janareta ya tabbatar da mai kafin ya fara adana babban aiki, in da hali ya sa UPS. Akwai kuma bairos ɗin da ke yawo a kwamfutocin shagunan tura waƙoƙi, wanda ke ɓoye foldoji ya bar inuwarsu. Fiyano ba ya kamuwa da shi, amma ba ya nuna ɓoyayyiyar folda, sai mutum ya zaci an goge masa komai. A kwamfuta mai riga-kafi ake bayyana su.

Wani ɓatan kuma ba laifin kati ba ne. A Korg Triton da Krome, waƙar da aka jera a cikin na'ura tana gushewa da zarar an kashe wuta, sai idan an tura ta kati kafin nan. A Yamaha, fayil ɗin Registration ba ya ɗauke da salon kiɗan da aka ɗora masa, adireshinsa kawai yake riƙewa. Idan aka canza wa folda suna ko wuri a kwamfuta, za a danna maɓalli a tsakiyar biki salon ya ƙi fitowa. Mayar da foldar yadda take yana dawo da komai.

Idan duk wannan bai warware ba, a goge fuskar ƙarfen katin da busasshen ƙyalle mai laushi, domin ƙurar hunturu da gumin hannu suna hana shi haɗuwa da kafar. Kada a cusa allura ko tsinke a cikin kafar. Sannan a gwada wani kati da aka tabbatar yana aiki a fiyano irin wannan. Idan shi ma ya ƙi, laifin na kafar ne, kuma a nan ne aikin mai gyara ya fara. A Korg Triton Extreme, mai ɗaukar katin CompactFlash, kafar tana da siraran allurai 50, ɗaya idan ta lanƙwashe ta isa ta hana karatu. Ci gaba da tura kati da ƙarfi karya ta zai yi.