Dodo Mayana: Golan da masoya ƙwallo ke kewa

A filin makaranta, wanda bai iya taka leda ba shi ake turawa raga. To, ku tambayi manya a Abare, Anka ko Gummi labarin Peter Rufai, ku ji darajar gola.

Rufai, wanda ake wa laƙabi da Dodo Mayana, ya rasu a Legas ranar 3 ga Yuli, 2025, yana da shekara 61. Da labarin ya ɓulla, sai masoya suka shiga tuna gasar Kofin Afirka ta 1994 a Tunisiya. Wasan kusa da na ƙarshe da Kwaddibuwa ya tashi 2-2. A bugun fenariti Rufai ya kaɗe ƙwallo, Najeriya ta haye da 4-2, sannan ta doke Zambiya 2-1 ta ɗauko kofi.

Shi ya tsare ragar Najeriya a Kofin Duniya na 1994 da 1998. A 1993 ma har Habasha ya zura wa ƙwallo da fenariti.

Saboda haka, idan aka miƙo maka safar hannu, kada ka ɓata rai. Karɓa, ka tsaya da kyau.