Bazara ta kama, a sassauta wa gawo

Duk wanda ya bi hanyar Ƙonni zuwa Malbaza a watan Afrilu ya san bazara ta kama. An cire albasar Galmi an zuba a rudu, 'yan ci-rani sun fara dawowa gida. A gidajenmu kuwa maganar iyaye mata guda ce: rumbu ya yi ƙasa, kada wanda ya taɓa iri.

Mu dai hankalinmu na kan gawo. Itace ne mai saɓa wa 'yan'uwansa: duk rani yana kore shar, sai damina ta sauka ya kakkaɓe ganyensa. Shi ya sa hatsin gindinsa ba ya rasa rana, ga takin ganye, ga kashin dabbobin da suka sha inuwa suna cin 'ya'yansa. Muna yara, tsintar 'ya'yan gawo domin tumakin gida aikinmu ne, wani lokaci har da faɗa da makiyaya.

To, sai dai a wannan lokaci ake sharar gona, kuma a nan gatari ke yi mana ɓarna. Yaro ya ga ɗan tsiro mai ƙaya, ya sare ya cinna wuta, shi ke nan. Manoman Maraɗi tun wajen 1984 suka koma barin tsiron kututture, abin da suka kira sassaben zamani. A Illela ma, tassa ta farfaɗo da faƙon da aka yanke wa ƙauna.

Bana, kafin a miƙa wa yaro gatari, maigida ya zagaya gonar da shi, ya nuna masa waɗanda za a bari.