Wincin Hannu: Yadda Mutum Ɗaya Ke Fitar da Motar da ta Kafe a Dajin Birnin Gwari

Daga Kaduna zuwa Birnin Gwari tafiyar kimanin kilomita 120 ce a kan kwalta. Amma masara da dawa da waken suya da ake lodawa a kasuwannin yankin ba a bakin kwalta ake noma su ba. Sai mota ta ratse ta bi burtali, ta tsallaka rafi da fadama, kafin ta kai ga ƙauyukan da ke kewaye da dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936, aka kuma mayar da shi gandun daji na ƙasa a 1999. A watan Agusta da Satumba, lokacin da ƙasa ta ƙoshi da ruwa, kafewar mota a irin waɗannan hanyoyi ba labari ba ne. Abin tsoron shi ne dare ya riski mutum a wurin. Bayan shekarun da 'yan bindiga suka yi suna addabar yankin, babu direban da ke son kwana a dawa yana jiran tarakta.

Abin da aka saba gani shi ne direba ya yi ta taka totur, fasinjoji suna turi, laka tana wanke su. Wannan kuwa ƙara dagula al'amari yake yi. Taya ba ta tura mota gaba sai ta sami abin da za ta kama. Jiƙaƙƙen yumɓu ba shi da kamu, saboda haka tayar sai ta riƙa juyawa a wuri guda tana haƙa wa kanta rami, har cikin motar ya zauna daram a ƙasa. Daga nan ƙarfin inji ya tashi aiki. Dole jan ya zo daga waje, daga wani abu da ke kafe a busasshiyar ƙasa.

A nan ne wincin hannu ke da rana. Wanda ya fi shahara shi ne Tirfor, wanda wani Bafaranshe mai suna Simon Faure ya yi wa rajistar ƙirƙira a 1945. Ɗan akwatin ƙarfe ne da mutum ɗaya zai iya ɗauka, igiyar ƙarfe tana shiga ta baki guda ta fita ta ɗayan. Ba ya nannaɗe igiyar. A cikinsa akwai muƙamuƙai biyu na ƙarfe masu aiki bi da bi, kamar hannuwan mai jan guga a rijiya: ɗaya ya damƙe igiya ya jawo, ɗayan ya karɓa ya riƙe, na farko ya koma ya sake damƙowa. An ƙera su ta yadda duk lokacin da nauyi ya ƙaru, damƙar tana ƙara tsanani. Matsakaicinsa, wanda ya fi dacewa da ƙananan motoci, an yi shi ne don nauyin kilo 1,600, igiyarsa kuma kaurinta milimita 11.5 ne.

To, ta yaya mutumin da bai wuce kilo 70 ba zai ja kilo 1,600? Amsar tana cikin dogon mariƙin da ake kaɗawa gaba da baya. Wannan mariƙi liba ce, wato sandar da ke juyawa a kan matokari, wadda Arkimidis na Sirakusa ya bayyana ƙa'idarta fiye da shekara 2,200 da suka wuce. Duk yaron da ya taɓa ɓanɓaro dutse da tabarya ya san ta a aikace. Hannu yana nesa da matokari, muƙamuƙi yana dab da shi, don haka ƙaramin ƙarfi a dogon ɓangare yana zama babban ƙarfi a gajeren.

Sai dai ba kyauta ake samun wannan ƙarfi ba. A ilmin fiziya, aiki shi ne ƙarfi sau nisan da aka yi, kuma babu na'urar da ke fitar da aikin da ya fi wanda aka zuba mata. A ɗauka mutum yana danna mariƙin da ƙarfin kilo 40, igiya tana ja da kilo 1,600. Ƙarfin ya ninka sau 40 ke nan, saboda haka kafin mota ta matsa mita 1, sai hannunsa ya yi tafiyar mita 40. Idan kowace kaɗawa, zuwa da dawowa, mita 2 ce, igiyar santimita 5 kacal za ta shigo. Abin da aka samu a ƙarfi an biya shi da nisa, da lokaci, da gumi. Ɗalibai su lura cewa kilo ma'aunin nauyin abu ne, an yi amfani da shi a nan ne don shi ake rubutawa a jikin na'urar. Ainihin ma'aunin ƙarfi shi ne niyuton, kilo 1,600 kuwa ya kai wajen niyuton 15,700.

Tambaya ta gaba ita ce ƙarfin da motar ke bukata. A kan kwalta mai shimfiɗa mutum biyu sun isa su tura akori-kura, domin birgima kawai tayoyi za su yi. A laka lissafin ya sha bamban. Littattafan sojan Amurka na ceto motoci suna ƙiyasta cewa idan mota ta nutse zuwa tsakiyar tayoyinta, ana bukatar ja daidai da nauyinta duka. Idan laka ta wuce nan ta doshi saman tayoyin, a ninka sau biyu, idan ta kai gidan direba, sau uku. Dalili kuwa shi ne motar tana tura tudun laka a gabanta, sannan lakar da ta manne wa cikinta ba ta barin iska ta shiga, sai ta riƙe ta kamar yadda taɓo ke ƙwace wa mai tafiya takalmi.

Alal misali, ga akori-kura mai nauyin kilo 2,000 ɗauke da buhu goma na masara, kowanne kilo 100. Jimilla kilo 3,000, kusan ninki biyu na ƙarfin wincin. Direban da ya san abin da yake yi ba zai taɓa mariƙi ba tukuna. Zai sa a sauke buhunan, kilo 1,000 ya tafi ke nan. Zai sa shebur a kwashe lakar da ke gaban tayoyi da ƙarƙashin mota, a ɗaga ta da jak a kan faffaɗan katako, a cusa rassa da duwatsu. Rabin awa na haƙa ya fi awa biyu na ja. In da hali kuma, a ja ta baya ta bi sawun da ta shigo, tun da ta riga ta buɗe hanya a can.

Idan duk da haka ta ƙi motsi, sai a kawo kura, wato gargare mai kwari a gefe irin wanda ake ratayawa a bakin rijiya. A ɗaura ta a jikin mota, igiya ta taso daga winci ta zagaya ta, ta dawo a ɗaure ƙarshenta a bishiya. Yanzu igiya biyu ke raba nauyin, jan ya zama kilo 3,200, ko da yake gogayya takan cinye kusan kashi ɗaya cikin goma. Bashin nisa ma ya ninka. Don mota ta matsa mita 5 sai an jawo mita 10 na igiya, kaɗawa 200 ke nan. Abin da akan manta shi ne kurar da maɗaurinta, da bishiyar idan duka bakin biyu a jikinta suke, su ne ke ɗauke da kilo 3,200 ɗin gaba ɗaya.

Dajin Birnin Gwari bai rasa bishiyoyi ba, ga doka ga kaɗanya ga ɗorawa ga maɗaci. A zaɓi rayayya mai kauri wadda ke daidai saitin motar, a ɗaura a can gindi dab da ƙasa. Wanda ya ɗaura a sama ya mayar da bishiyar liba, shi da kansa zai tumɓuke ta. A yi amfani da faffaɗan ɗamara mai ƙarfi, kada a zagaya igiyar ƙarfe a jikinta, domin abincin da ganye ke haɗawa ta ƙarƙashin ɓawo yake bi ya sauka zuwa saiwa, in aka yanke ɓawon a kewaye bishiyar mutuwa za ta yi. Kaɗanyar da ta shekara ashirin kafin ta yi 'ya'ya sosai ba ta cancanci haka ba. A fadamar da babu bishiya, akan haƙa rami mai zurfi a binne safayar taya a tsaye, a ɗaura a jikinta.

Haɗarin aikin yana cikin igiya. Igiyar da aka ja ta yi tsiri tana ajiye ƙarfi kamar tsarkiyar baka, in ta tsinke ko ƙugiya ta suɓuce, takan dawo da gudun da zai iya karya ƙafa ko ya yi kisa. Saboda haka ba a ɗaura ta a bamba, sai a ƙugiyar da ke manne da ƙashin motar. Ba a tsallaka ta, ba a tsayawa a saitinta ko a cikin kusurwar da ta yi a wajen kura. Yara da 'yan kallo su ja nesa fiye da tsawon igiyar. A yafa mata bargo ko jiƙaƙƙen buhu a tsakiya don ya danne ta ƙasa idan ta tsinke. Mai aiki ya sa safar hannu, domin siraran wayoyin da suka ɓalle suna yanka kamar reza, igiyar da ta lanƙwashe ko ta fara tsittsinkewa kuwa ta gama aiki.

Akwai kuma wani ɗan fil mai taushi a gindin mariƙin, wanda aka yi shi musamman don ya karye idan nauyi ya wuce kima. In ya karye, ja ya tsaya, amma muƙamuƙan suna nan riƙe da igiya. Wasu sukan maye gurbinsa da ƙusa, ko su zura bututu a mariƙin don ya ƙara tsawo. Wannan ganganci ne, domin an cire abin da ya kamata ya fara karyewa, saura igiya ko ƙugiya. Masu ƙera na'urar sukan haɗo ta da filoli na ko-ta-kwana. A sa sabo, a koma a ƙara haƙa, yaron mota yana biye da weji yana tokare taya duk lokacin da motar ta ɗan matsa.